Marigayi Ross Freeman: Malamin lissafin da ya ƙirƙiro aisi mai wankuwa kamar allo

A 'yan shekarun nan da wuya mutum ya zauna a wata kasuwar kan iyaka, tun daga Sabha da Gatrun zuwa Dirku da Agadas, har a gangara Maraɗi da Jibiya da Illela, bai ji ana maganar haƙar kuɗin intanet ba, wato abin da samarinmu ke kira mainin. Wasu da waya suke ta dannawa, wasu kuma an kawo musu tallar injuna masu fanka, ana ce musu su jona da wuta kawai su koma gefe suna ƙirga riba. Wannan ne ya sa a filinmu na tarihin mashahuran mutane na wannan mako muka ga ya dace mu kawo tarihin wani Ba'amurke mai suna Ross Freeman, wanda ya rasu kusan shekara 20 kafin a fara haƙar Bitcoin, bai taɓa jin ko sunansa ba, amma abin da ya ƙirƙiro ya riƙe wannan sana'a na wani lokaci, kuma yadda aka yi amfani da shi aka ajiye shi yana bayyana abin da ke cikin injunan da ake tallata mana a yau.

An haifi Ross Freeman a ranar 26 ga Yuli, 1948 a jihar Mishigan da ke arewacin Amurka. Ya tashi a gona kusa da wani ƙauye mai suna Engadine, a yankin da ke iyaka da ƙasar Kanada, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni da dama a shekara. Ya yi digirinsa na farko a fannin kimiyyar fiziks a Jami'ar Jihar Mishigan, inda ya kammala a shekarar 1969, sannan ya samu digiri na biyu a Jami'ar Ilinoi a shekarar 1971.

Maimakon ya wuce kai-tsaye neman aiki a manyan kamfanoni kamar yadda takwarorinsa suka yi, sai ya shiga ƙungiyar 'yan sa-kai ta gwamnatin Amurka mai suna Peace Corps, aka turo shi ƙasar Gana, inda ya shekara biyu yana koyar da lissafi. Gana ce ƙasa ta farko da ta karɓi 'yan wannan ƙungiya tun a shekarar 1961, zamanin Kwame Nkrumah. Dattawan fatakenmu ba za su manta da waɗancan shekaru ba, domin a ƙarshen 1969 ne gwamnatin Busiya ta kafa dokar korar baƙi marasa takardu, wadda ta tarwatsa Hausawa da Yarbawa da Zabarmawa masu ɗimbin yawa daga Kumasi da Akara da sauran zanguna. To, a daidai lokacin da mutanenmu ke ɗaure kaya suna barin Gana, ko jim kaɗan bayan haka, shi kuma wannan saurayi yana tsaye gaban allo da alli a hannu yana koya wa yaran ƙasar lissafi.

Da ya koma gida sai ya kama aiki da kamfanin Teletype, masu ƙera injunan aika saƙon waya irin na da, kuma a nan ne ya fara zana aisi. Ga wanda bai sani ba, aisi shi ne ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu da yawa da ake gani idan an buɗe rediyo ko waya ko kalkuleta, wanda masu gyara kan ce shi ne ya ƙone idan kaya ya ƙi tashi. A cikinsa akwai wani ɗan siririn ɓallin silikon da bai wuce farce ba, a kansa kuma an shimfiɗa ƙananan makunnai da ake kira taransista, waɗanda aikinsu buɗe wuta da rufe ta. Yadda aka haɗa waɗannan makunnai da junansu shi ke sa wani aisi ya iya tara lamba, wani ya kama tashar rediyo, wani ya riƙe hoto.

Daga Teletype sai ya koma jihar Kalifoniya, ya zama ɗaya daga cikin injiniyoyin farko-farko na kamfanin Zilog. Wanda ya jagoranci kafa wannan kamfani a 1974, Federico Faggin, ɗan asalin Italiya, shi ne ya zana ƙwaƙwalwar kwamfuta ta farko da aka sayar a aisi guda, wato Intel 4004 ta shekarar 1971, wadda asalinta don kalkuletar wani kamfanin Japan aka yi ta. Ashe kalkuletar da ke kan teburin kowane ɗan canji tana da hannu a wannan tarihi. A Zilog, Freeman ya yi ta samun ƙarin girma, har ya zama daraktan injiniyoyi na sashen da ke ƙera aisi tun yana da shekara 30 da 'yan kai.

A wancan zamani, idan kamfani yana son aisin da zai yi masa wani aiki na musamman, sai injiniyoyi su zauna su zana, a kai masana'anta, a jira watanni, a biya maƙudan kuɗi. Idan kaya ya fito aka tarar da kuskure ko da guda ɗaya ne, to an yi asara, domin abin da aka shimfiɗa a kan silikon ba ya gyaruwa. Kamar hatimi ne da aka sassaƙa: in an yi kuskuren harafi ɗaya, sai dai a jefar a sassaƙa wani. Ƙananan kamfanoni kuwa da ke buƙatar ɗari biyar ko dubu ɗaya kacal, kuɗin zanen ma kaɗai ya isa ya kore su.

Tunanin da ya zo wa Freeman shi ne a ƙera aisi wanda zai fito daga masana'anta babu aikin da aka ɗora masa, fari fat kamar sabon allon almajiri. A cikinsa a jera ƙananan ɗakunan lissafi masu yawa, a ratsa tsakaninsu da hanyoyin wuta, a kowace mararraba kuma a sa makunni. Wanda ya saya shi ne zai rubuta umarnin da zai faɗa wa kowane ɗaki irin lissafin da zai yi, ya kuma faɗa wa kowace mararraba inda za ta buɗe da inda za ta rufe. In ya gama aka ga kuskure, ko kuma buƙata ta canza, sai ya wanke ya sake rubutawa, a ofishinsa, cikin ɗan lokaci, ba tare da ya koma masana'anta ba. Wannan shi ne abin da aka sani a duniya da sunan FPGA.

Mu lura, wannan ya bambanta da ƙwaƙwalwar kwamfuta da aka saba da ita. Ita ƙwaƙwalwar kwamfuta ginin cikinta ɗaya ne ba ya canzawa, umarni take karantawa ɗaya bayan ɗaya, kamar yaron shago ƙwaya ɗaya da ake aika nan a aike shi can. Shi kuwa aisin Freeman, ginin cikin ne kansa ake sauyawa, har ya zama tamkar injin da aka yi don wannan aikin, sassansa duka suna aiki a lokaci guda.

Sai dai a idon injiniyoyin wancan lokaci wannan tunani almubazzaranci ne tsantsa. Taransista tsada gare ta, kuma gwanintar injiniya a lokacin ita ce ya yi aiki da mafi ƙarancinta. Ga shi Freeman yana so a zuba dubbai a kan hanyoyi da makunnan da wataƙila mai saye ba zai taɓa amfani da rabinsu ba. Abin da ya dogara da shi shi ne hasashen Gordon Moore, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Intel, wanda tun a 1965 ya lura cewa yawan taransistar da ake iya dasawa a aisi guda yana ninkawa a kai a kai, daga baya a 1975 ya daidaita hasashen a kan kowace shekara biyu. Lissafin Freeman shi ne, in dai haka ne, to abin da ake tattali yau gobe zai zama kamar yashi, kuma abin da zai yi tsada shi ne lokaci da kuɗin zane. A ganinmu wannan lissafin ɗan kasuwa ne fiye da na malamin kimiyya, irin na wanda ya hango cewa kayan da ake rububi a bana za su cika kasuwa baɗi, ya tsara cinikinsa a kan farashin baɗin.

Shugabannin Zilog, wanda a lokacin yake ƙarƙashin kamfanin mai na Exxon, ba su ga abin zuba kuɗi a ciki ba. Don haka ya ajiye aiki, kuma a watan Fabrairun 1984 shi da abokan aikinsa biyu, Bernard Vonderschmitt da James Barnett, suka kafa kamfanin Xilinx a yankin San Jose. Freeman yana da shekara 35. Vonderschmitt kuwa dattijo ne mai shekara 60, wanda ya shafe sama da shekara 30 a kamfanin RCA har ya shugabanci sashensa na aisi, kuma shi aka ba ragamar sabon kamfanin.

Wannan dattijo ya kawo wata dabara da ita ma ta canza harkar baki ɗaya. Ya ga yadda gina masana'antar aisi ke cinye dukiya, don haka ya ce su ba za su gina ba. Za su yi zane, su ba wani ya ƙera, su kuma su sayar da sunansu. Ya yi amfani da tsohuwar sanayya da ke tsakaninsa da mutanen kamfanin Seiko na Japan, masu agogon nan da kowa ya sani, suka yarda za su riƙa ƙera musu. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guwanzu su ba da samfur a buga musu kaya da tambarinsu sun san irin wannan ciniki sarai. Xilinx na cikin kamfanonin farko da suka bi wannan hanya, kuma a yau manya irin su Nvidia da Qualcomm da Apple duk haka suke yi, akasarinsu a wajen kamfanin TSMC na Taiwan da aka kafa a 1987.

Wani matashin injiniya mai suna Bill Carter, wanda shi ma daga Zilog ya biyo su, shi aka ɗora wa nauyin mayar da tunanin Freeman zane na zahiri. A watan Nuwamban 1985 suka fitar da aisinsu na farko mai lamba XC2064. Ɗakunan lissafi 64 ne a cikinsa, an jera su takwas-takwas kamar gidajen dara, da taransista wajen 85,000. Umarnin da ake ɗora masa yana zaune ne a cikin wata ma'adana da ke riƙe abu muddin akwai wuta. Da zarar an ɗauke wuta sai allon ya wanku, in ta dawo sai ya sake karanto umarninsa daga wani ƙaramin aisi da ke gefensa. Har yau galibin irinsa haka suke aiki.

Kasuwa ba ta buɗe nan take ba. Aisin ƙarami ne a wajen aiki, ga tsada, ga shi manhajar da ake tsara shi da ita tana da wuyar sha'ani, sai da kamfanin ya riƙa bin injiniyoyi yana koya musu. Akwai kuma abokin gasa, kamfanin Altera da aka kafa a 1983, wanda ya riga su fitar da nasa nau'in aisin mai karɓar tsari, ko da yake gininsa daban ne. Amma lissafin Freeman ya riƙa fitowa daidai: kowane sabon zubi sai ya zo da ɗakuna fiye da na baya a kan farashi mai sauƙi, kamfanonin sadarwa kuma suka gane cewa gara su fito da kayansu kasuwa yau da aisi mai ɗan tsada da su jira wata shida.

Shi dai bai ga cikar abin ba. A ranar 26 ga Satumba, 1989 hukumar Amurka ta ba shi takardar mallakar ƙirƙira mai lamba 4,870,302. Ba a cika wata guda ba, a ranar 22 ga Oktoba, 1989, ya rasu bayan fama da rashin lafiya, yana da shekara 41. A shekarar da ta biyo baya, 1990, aka fara sayar da hannun jarin Xilinx ga jama'a a kasuwar Nasdaq. A 2009 aka sanya sunansa a zauren karrama masu ƙirƙira na Amurka, a watan Fabrairun 2022 kuma kamfanin AMD ya saye Xilinx a kan kuɗi kimanin dala biliyan 49. Ita ma Altera, Intel ya saye ta a 2015 a kan dala biliyan 16.7.

A shekarar da aka karrama shi ɗin, wato 2009, a ranar 3 ga Janairu, wani da ya ɓoye kansa a bayan sunan Satoshi Nakamoto ya tayar da Bitcoin. A nan ne labarin marigayin ya haɗu da namu.

Kalmar haƙa tana rikita mutane, musamman mu da muka ga yadda aka yi tururuwa zuwa Jado a 2014 lokacin da zinare ya bayyana. A Bitcoin babu abin da ke binne. Littafin ciniki ne guda da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, kuma kusan kowane minti goma ana ƙara masa shafi. Wanda zai rubuta shafin sai ya ci wata gasa: zai ɗauki bayanan shafin ya haɗa da wata lamba, ya zuba su a wani lissafi mai suna SHA-256 har sau biyu, ya duba ko sakamakon ya faɗo ƙasa da iyakar da aka sa. In bai faɗo ba sai ya canza lamba ya sake. Babu wayo a ciki, babu gajeriyar hanya, yawan gwaji ne kawai. Wanda ya dace shi ke karɓar lada. Ladan ya fara da Bitcoin 50, ya koma 25 a 2012, ya koma 12.5 a 2016, sai 6.25 a 2020, sannan 3.125 tun watan Afrilun 2024. Bugu da ƙari, bayan kowane shafi 2,016, wato kimanin mako biyu, tsarin yana duba yawan masu gasa ya ƙara wa lissafin tsauri ko ya rage. Ko injuna sun ninka sau dubu, abin da ake rabawa a rana bai ƙaru ba. Saboda haka duk sana'ar ta tattara ne a kan tambaya ɗaya: gwaji nawa injinka zai yi da wutar da ka biya?

Da farko da kwamfutar gida ake yi. A 2010 aka koma amfani da katin hoto na masu wasannin kwamfuta, wanda ya fi sauri nesa ba kusa ba, sai dai shan wuta da zafi. A 2011 sai masu ilimin lantarki suka tuna da allon Freeman. Lissafin SHA-256 zagaye 64 ne, sau biyu kuwa 128 ke nan. Kwamfuta tana bin su ɗaya bayan ɗaya. A kan FPGA kuwa sai aka gina kowane zagaye da wurinsa, aka jera su kamar yadda 'yan dako ke yin layi daga bakin mota zuwa cikin sito suna miƙa wa juna buhu. Buhun farko yakan ɗan jima kafin ya isa, amma daga nan kowane motsi sai buhu ya faɗa sito. Haka aka samu aisi guda yana fitar da sakamako ɗaya a kowane bugu, sau wajen miliyan 190 a daƙiƙa. Gwanintar masu zanen ita ce su cusa wannan dogon layi cikin aisi mai araha, su gajarta hanyoyin da ke tsakanin ɗakuna, domin kowace doguwar hanya tana cin lokaci tana cin wuta.

Aisin da aka fi amfani da shi a lokacin na kamfanin Freeman ne, wato Spartan-6 LX150. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Sin mai suna Zhang Nangeng ya haɗa guda biyu a faranti ɗaya ya sa masa suna Icarus, yana gwaji kimanin miliyan 380 a daƙiƙa da wutar da ba ta wuce wat 20 ba. Katin hoto mai irin wannan sauri yana shan kusan ninki goma na haka.

Amma zamanin bai kai shekara biyu cikakku ba. Abin da ya sa aisin Freeman ya yi daraja, wato sauyuwa, shi ne kuma nauyin da yake ɗauke da shi. Duk waɗancan makunnai da hanyoyin ko-ta-kwana suna cin fili suna cin wuta. Wasu masu bincike biyu na Jami'ar Toronto a Kanada, Ian Kuon da Jonathan Rose, sun auna a 2007 suka samu cewa aiki ɗaya in an yi shi a FPGA yana cin fili wajen ninki 35, yana shan wuta wajen ninki 14, saurinsa kuma bai wuce kashi ɗaya cikin uku ko huɗu ba, idan aka kwatanta da aisin da aka sassaƙa don wannan aikin kaɗai, wanda ake kira ASIC. Lissafin Bitcoin kuwa ba ya canzawa, yau shi ne gobe shi ne. Wanda ke buga abu ɗaya dare da rana hatimi yake buƙata. Da farashin Bitcoin ya tashi har kuɗin sassaƙa hatimin ya zama abin da za a iya mayarwa, shi wannan Zhang ɗin da abokansa suka fitar da injin Avalon a watan Janairun 2013, a shekarar kuma aka kafa kamfanin Bitmain mai injunan Antminer. Cikin 'yan watanni masu FPGA suka ga abin da suke samu bai biyan kuɗin wuta.

To a nan ne muke so 'yan'uwa su buɗe ido, domin injunan da ke shigowa yankinmu duk irin wannan hatimin ne, kuma da yawansu kwance ne. Ɗauki Antminer S9 da aka fitar a 2016. Yana gwaji kimanin tiriliyan 14 a daƙiƙa, yana shan wat 1,350 ko kusa da haka, wato yunit 32 na mita a kwana ɗaya, kamar na'urar sanyaya ɗaki da ba a kashe ta dare da rana. S21 da aka fitar a 2023 yana gwaji tiriliyan 200 da wat 3,500. Ya ninka S9 sau 14 a aiki, wutar da yake sha a kan kowane gwaji kuma ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar ba. A shekarar 2025 ƙarfin masu haƙa na duniya gaba ɗaya ya kai kwatankwacin S21 miliyan 5, abin da ake rabawa a rana kuwa Bitcoin 450 ne. Mun buga lissafin: ko a farashin dala 100,000, wanda Bitcoin ya fara takawa a Disamban 2024, rabon S9 a rana bai wuce santi 60 da 'yan kai ba, abin da bai kai Naira 1,000 ba a canjin 2025. A Nijeriya, masu layin wuta na rukunin A sun koma biyan sama da Naira 200 a kowane yunit tun Afrilun 2024, wato sama da Naira 6,400 a rana. Mai janareta kuwa kada ma ya fara.

Wannan lissafi ne ya sa tsofaffin injuna ke neman ƙasashen da wuta ke da arha, musamman bayan da Sin ta haramta haƙar a 2021. A Libiya gwamnati na tallafa wa wuta har yunit ɗaya na gida bai kai santi ɗaya na dala ba, don haka injin da ya zama gwangwani a wani wuri a nan yana iya kawo ɗan abu. Ƙididdigar Jami'ar Kambirij ta nuna cewa a 2021 Libiya na da kimanin kashi 0.6 cikin 100 na haƙar Bitcoin a duniya, abin da ya sa ta gaban sauran ƙasashen Afirka da na Larabawa a lokacin. Sai dai Babban Bankin Libiya ya haramta mu'amala da kuɗin kirifto tun a 2018, kuma a watan Yunin 2023 hukumomi sun kama 'yan ƙasar Sin 50 a wata tsohuwar masana'antar ƙarfe a Zilitan, bayan wasu goma da aka kama a Misrata. Baƙon da ke zaune da takardun aiki ko na kasuwanci ya san abin da kamu irin wannan ke nufi gare shi da iyalinsa. Ga kuma abin da duk mazaunin Tamanhint da Sabha ya sani ba sai an faɗa masa ba: yadda wuta ke ɗaukewa sa'o'i a lokacin zafi, da zafin da ke haura digiri 40, da ƙurar da ke toshe fanka. Wutar da injin ɗaya ke sha ta isa ta riƙe firji da fankokin gidaje da dama, kuma daga layi ɗaya ake jan ta.

Game da masu danna waya kuwa, irin su Hamster Kombat da ya cika gari a 2024 ko kuma Pi, babu wannan gasar lissafi a cikin abin da suke yi. Maki ne kamfani ke rubuta wa mutum, ya kuma yanke abin da zai ba shi daga baya. Wayar da za ta yi gasa da S21 ba a ƙera ta ba.

Akwai wani ɓangare na labarin da muke ganin da Freeman yana raye da ya yi murmushi. A watan Afrilun 2018 masu kula da wani kuɗin kirifto mai suna Monero suka canza lissafinsu da gangan, sai injin Antminer X3 da aka sassaƙa domin tsohon lissafin ya tashi daga aiki a kan Monero tun kafin wasu masu saye su karɓi nasu. A Satumban 2022 kuma Ethereum ya daina amfani da haƙa kwata-kwata. Masu katin hoto sun samu na sayarwa ga masu wasanni da masu aikin zane, ko da a faɗuwa ne. Wanda ke riƙe da ASIC kuwa, in lissafinsa ya tashi ko wutarsa ta fi ƙarfin abin da yake kawowa, abin da ya rage masa fanka ne da akwatin alminiyam, sai 'yan gwangwan. Shi ya sa har yanzu masu bin ƙananan kuɗaɗen da ke yawan sauya lissafi sukan koma ga FPGA, su ma masu ƙera ASIC ɗin sukan fara gwada zanensu a kansa kafin su kai masana'anta.

Haƙar kuɗi dai ɗan ƙaramin lungu ce a cikin inda ƙirƙirar marigayin ta shiga. Motocin bincike biyu da hukumar NASA ta saukar a duniyar Mars a watan Janairun 2004, Spirit da Opportunity, suna ɗauke da aisin Xilinx. Ana samun irinsa a injunan ɗaukar hoton cikin jiki a asibitoci, da jiragen sama, da na'urorin da ke rarraba intanet. Yana kuma cikin akwatunan da ke jikin turakun sadarwar waya, inda kamfani kan aiko masa da sabon umarni daga nesa idan tsarin sadarwa ya canza, ba tare da an hau an sauke shi ba. Daga ɗakuna 64 na shekarar 1985, manyan na yau suna ɗauke da ɗakunan lissafi miliyoyi da taransista biliyoyi a aisi guda.